Iyakar da Barewa Ta Shata

A shekarar da namun daji suka ƙaurace wa Kurmin Mariri, ba mahalukin da ya ga fitarsu. An dai wayi gari maharba sun shiga, sun yini suna yawo, sun fito ko ɓeran daji ba su gani ba. Ba kukan tsuntsu, ba kashin zomo, hatta ƙudan zuma ya bar amya. Daji ya yi tsit kamar gidan da mutanensa suka tashi.

Labari ya kai sakatariyar ƙaramar hukumar Zangon Marke, wadda kurmin yake ƙarƙashin kulawarta. Dama manoma sun daɗe suna kai kuka cewa gonakinsu sun gaji, iyali sun yi yawa, a yanka musu gandun daji. Makiyaya kuma na cewa an toshe musu burtali. Ciyaman, Alhaji Maiwada, ya tara kansiloli aka yi ta muhawara, daga ƙarshe ya sa aka kira malamin daji.

Malam Jatau ke nan, wani siririn mutum mai yawan shiru. Ya daɗe yana kula da gandun, shi ke ba maharba izini, shi ke korar masu yin gawayi da masu cinna wa daji wuta. Wata rana a ji maganarsa, sau da yawa a ƙi.

Ciyaman ya ce, "Malam Jatau, dajin da babu dabba a ciki wa muke tsare wa? Shiga ka duba da idonka. In ka dawo ka ce ba komai, kafin damina za mu raba shi gonaki."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, zan shiga. Amma a haɗa ni da Sarkin Baka."

Sarkin Baka Tankari shi ne shugaban maharban yankin, tsoho ne da gemunsa ya yi fari fat, amma har yanzu in ya sa ƙafa a daji saurayi ba ya cim masa. Da sassafe suka bar babur a bakin gandu suka shiga da ƙafa. Ba su yi nisa ba tsohon ya durƙusa yana duban ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Malam, zo ka gani," in ji shi. "Ga sawun kura, ga na gada gab da shi, kuma ba ɗigon jini a tsakani. Ga na damisa ya jera da na gwanki. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin haka ba. Waɗannan ba gudu suka yi ba. Kiran su aka yi."

Suka bi sawun. Yana ta ƙaruwa, na giwa, na ɓauna, na beguwa, har jan cikin mesa, duk sun fuskanci gabas. Da hantsi ya dubi ludayi suka iso gindin wani baƙin dutse, santsi gare shi kamar an goge, ba kogo ba tsaga. A nan sawu ya ƙare, kamar dabbobin sun shige cikin dutsen ne.

Jatau na cikin shafa dutsen sai ya ji wani gurnani mai kama da kiɗan tambari a ƙirjinsa. Dutse ya dare biyu ba tare da ƙara ba, wani burtu ya fito. Ya fi dogon mutum tsawo, gashinsa baƙi ƙirin ya sauko masa kamar babbar riga, wuyansa ja kamar garwashi. Jatau ya kama addu'a a zuci.

Burtu ya ce, "Aminci ga wanda ya zo da aminci. Ni ne mai tsaron ƙofar Magajiyar Kurmi. Wanne ne cikinku idon hukuma?"

Jatau ya ce, "Ni ne, ya mai girma."

"To, ana jiran ka. Kai kuma tsoho, ajiye baka da kwari. Ka fito da abin da ke cikin burgamenka."

Sarkin Baka ya zaro busasshen kan burtu, irin wanda maharba ke ɗaurawa a goshi su sunkuya, don namun daji su zaci tsuntsu ne su bari a matso. Burtu ya dube shi da ido ɗaya, ya ce, "Dabbobi sun amince da mu, kuka ari fuskarmu kuka ci amanarsu. Binne shi." Tsohon ya tona rami da hannu ya binne, sannan suka shiga, dutse ya rufe a bayansu.

Abu na farko da ya tare su kogi ne, amma ba na ruwa ba. Toka ce ke gudu a cikinsa, tana tafasa, tartsatsi na tashi, zafinta na gasa fuska tun daga gaɓa.

"Duk wutar da aka taɓa cinna wa kurmi don a kama gafiya, nan take gangarowa," in ji Burtu. "Gadarku na zuwa. Kada ku taka kowa sai kun nemi izininsa."

Sai ga manyan kunkuraye suna tasowa daga cikin toka, kowanne bayansa ya kai faifai goma, duk da tabon ƙuna. Jatau ya yi wa na farko sallama, ya ce, "A yi mana izini." Kunkuru ya sunkuyar da kai. Haka suka riƙa yi ɗaya bayan ɗaya. A tsakiyar kogi zafi ya gigita Jatau, ya ɗaga ƙafa zai taka bai yi magana ba, kunkurun ya nutse. Ba don Sarkin Baka ya fizgo wuyan rigarsa ba da ya tafi. Ya nemi gafara da babbar murya, kunkuru ya sake tasowa a hankali, suka ƙetare tafin takalmansu na hayaƙi.

Gaba kuma suka iske wata gona iyakar ganin ido, amma abin da ya tsiro a cikinta tarko ne. Zarge-zargen waya sun miƙe kamar karan gero, suna buɗewa suna tsukewa su kaɗai, tarkunan ƙarfe na haɗa haƙora a ƙasa. Burtu ya buɗe fikafikai ya tsallake abinsa, ya tsaya can yana kallo.

Sarkin Baka ya naɗe hannun riga ya ce, "Malam, bi bayana, inda na sa ƙafa nan za ka sa. Hannun da ya iya ɗaurawa ya iya kwancewa." Ya durƙusa yana kama zarge yana warwarewa, duk wanda ya kwance sai ya zube ya zama busasshiyar ciyawa. Waya ta yanyanka masa yatsu, jini na ɗiga, bai tsaya ba har suka fita.

Suka hau wani tudu. Abin da Jatau ya gani daga can ya sa ya manta da ƙunar ƙafarsa.

Ƙasa ce shimfiɗe, ba rana a samanta amma ko'ina haske. Duk itacen da aka taɓa sarewa a Kurmin Mariri yana nan tsaye, maɗaci da ƙirya da kanya da marke, kowanne da zoben haske a gindinsa daidai inda gatari ya ci. Ƙoramun da suka ƙafe tun Jatau na yaro suna gudu a nan. Ga namun daji kuwa ba a magana. Garken giwaye na wanka, raƙuman dawa na ratsa itatuwa, mariri da kanki na kiwo kusa da zaki, tsuntsaye sun yi wa sama rumfa. Sarkin Baka ya rufe baki da hannu, hawaye na bin gemunsa.

A tsakiyar wannan duka Magajiyar Kurmi take zaune. A zaunen ma ta kai giginya tsawo. Zanenta ɗanyar ciyawa ce mai kaɗawa, tsuntsaye sun yi sheƙa a kitsonta, in ta ja numfashi sai itatuwa su rusuna zuwa gare ta, in ta saki su miƙe. Wata jaririyar barewa na barci a tafin hannunta.

Suka zube suka yi gaisuwa. Ta amsa, muryarta kamar ruwan sama a kan ganye.

"Ɗan Adam, an aiko ka ka duba ko akwai saura. Ga su nan, ba wanda ya ɓata. Ni na kira kiwona gida. Tsakanina da kakanninku akwai alkawari: ku ci, su ma su ci. Ba a harbin mai ciki, ba a farauta sa'ad da ruwa ya sauka, ba a ƙona gida a kan mai gida. Kun wayi gari kuna shiga da babura da karnuka, kuna kashe abin da ba za ku iya cinyewa ba. Koma ka ce musu ba komai. Su raba. In na janye dabbobi, inuwa na biye da su, ruwan ƙasa na biye da inuwa. Za su yi noma kaɗan, sannan su noma rairayi."

Jatau ya ji tsoro ya cika shi, amma ya tuna fuskokin da ke zuwa sakatariya. Ya ɗaga kai ya ce, "Ranki ya daɗe, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, ban zo musu ba. Amma a ba ni izini in yi magana a madadin waɗanda suka aiko ni."

"An ba ka."

"Ba duka ne azzalumai ba. Akwai wanda gonarsa ba ta kai shi rani, akwai makiyayin da ya rasa inda zai bi da shanu. Yunwa ce ke tura su cikin kurmi. In na koma na ce a bar daji dukansa, ba mai ji na. In na ce a raba dukansa, na kashe su da hannuna. Iyaka nake roƙo, wadda ku za ku yarda da ita, mu ma mu yarda."

Magajiya ta sunkuyo har Jatau ya ga kansa a ƙwayar idonta, ɗan mitsitsi.

"Kun sha shata iyaka da igiya da turaku, ku da ba ku taɓa jin ƙishin barewa ba. In kana son iyaka, da ƙafar barewa za ka shata ta. A ƙasarku har an kwana, yanzu alfijir ke ketowa. Zan ba ka jikinta daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Ka tashi daga baƙin dutse, ka zagayo ka dawo gare shi. Abin da ka kewaye namu ne, abin da ka bari a waje naku. In rana ta faɗi ba ka rufe zagayen ba, barewa za ka tabbata. In aka harbe ka, mutuwar gaske ce. Tsohon nan zai zauna a wurina har a ga yadda ta kaya. Ka yarda?"

Sarkin Baka ya kama hannunsa ya ce, "Ɗana, samarin maharbanmu sun daɗe ba su ga nama ba. In suka hango ka ba za su bar ka ba."

Jatau ya ce, "Na sani, Baba Sarki. Ka yi mini addu'a." Ya juya ya ce, "Na yarda."

Magajiya ta hura masa iska a fuska.

Ya farka a gindin baƙin dutse a kan ƙafafu huɗu. Duniya ta sauya masa. Yana jin ƙanshin raɓa, yana jin tafiyar tururuwa, ko ganye ya motsa sai fatarsa ta yi tsalle. Da ya zabura kuwa, sai ya ji ƙasa na gudu a ƙarƙashinsa, wani daɗi ya kama shi wanda bai taɓa sani ba.

Niyyarsa ya yi ɗan ƙaramin zagaye, mutane su samu fili, shi ma ya tsira da wuri. Jikin barewa ya ƙi. Ya bi ta gefen wata sarƙaƙiya, hancinsa ya gaya masa nan ne uwaye ke ɓoye 'ya'yansu, in babu ita babu haihuwa. Ya faɗaɗa ya sa ta a ciki. Harshensa ya nemi kanwa, ya san inda ake lasa can bayan tudu, ya sake faɗaɗawa. Da rana ta take, ƙishi ya shaƙe shi, ga tafki ɗaya tilo can arewa mai nisa. Ya nufe shi.

A bakin tafki ya iske wani makiyayi da shanunsa ramammu suna sha. Jatau ya sha ya ƙoshi, ya tsaya yana tunani. In ya bi ta bayan tafki, shanu sun rasa mashaya. In ya bar shi a waje, namun daji sun rasa. Sai ya faɗa ruwan ya ratsa shi ta tsakiya da iyo, kada na bin sa da ido. Ya fita ya bi gefen burtali, ya bar wa shanu hanya mai faɗi. Makiyayi ya saki sanda yana kallon ikon Allah.

La'asar ta yi masa a fadamar kudu. A nan wata tsohuwa, Iya Tabawa, take da 'yar gonar albasa da ta kutsa cikin gandu. Ya san ta, mijinta ya rasu, da wannan albasar take ci. Tana sunkuye tana ban ruwa. Miƙaƙƙiyar hanya mai laushi ta bi ta wajen shingenta, in ya bi nan gonar ta faɗa cikin rabon daji. In zai bar mata, sai ya hau wani tsauni mai duwatsu da ƙaya a bayanta, ga rana ta karkata. Tsohuwa ta ɗago, suka haɗa ido. Ya juya ya kama tsauni.

Yana saukowa, kofatansa sun tsattsage, ya ji haushin karnuka.

Samarin maharba ne a kan babura, wani ƙato mai suna Gagare a gabansu. Ihu ya tashi, "Barewa! Ga barewa!" Jatau ya buɗe baki zai kira sunan Gagare, abin da ya fito kukan dabba ne. Ya zuba a guje. Karnuka suka rarrabu suna neman su datse shi, ya tsallake wani, ya kauce wa wani, ƙarar babura na cika masa kai. Da ya karya ya shige tsakiyar kurmi da ya tsira, amma zagaye zai lalace. Ya tsaya a kan hanyarsa.

Bindigar toka ta tashi. Ya ji kamar an soka masa ƙarfe mai zafi a cinya, ya wuntsila, ya miƙe a kan ƙafa uku. Rana ta zauna a kan itatuwa ja wur. Ga baƙin dutse can, yana gani, amma kamar ja da baya yake yi. Numfashin kare na dukan dugadugansa. Ya tattara abin da ya rage masa ya yi tsalle ɗaya, ya faɗi, hancinsa ya taɓa dutse daidai lokacin da gefen rana ya nutse.

Karnuka suka ci birki, suka kwanta suna kuka ƙasa-ƙasa. Gagare ya diro daga babur da wuƙa a hannu, ya bi jini, ya iske malamin daji kwance cikin kakinsa, cinya na zuba.

"Innalillahi! Malam! Kai ne?" Wuƙa ta faɗi daga hannunsa.

Kafin Jatau ya amsa, ƙasa ta yi girgiza. Daga gindin dutse wani jan shuri ya ɓullo, ya yi tsawo har ƙirjin mutum. Wani ya ɓullo a gabansa, wani a gaban wancan, suna jeruwa suna tafiya cikin daji a kan sawun barewa, har suka ɓace wa ido. Samari suka zube suna salati. Gagare ya yage rigarsa ya ɗaure cinyar, ya goya Jatau a baya yana kuka har ƙauye.

Washegari duk Zangon Marke ta hallara. Ciyaman da kansiloli da dagatai suka bi jerin shuri a mota da ƙafa. Suka ga ya ratsa tafki ta tsakiya, shuri tsaye a cikin ruwa bai narke ba. Suka ga ya bar burtali, ya bar filayen yamma masu faɗi ga manoma, ya hau tsauni ya kauce wa gonar albasa. Suka dawo gindin dutse, inda aka kwantar da Jatau a kan tabarma, ya ba su labari duka, da sharuɗɗan Magajiya.

Wani kansila ya fara cewa ai sai an kafa kwamiti. Iya Tabawa ta ratso taro da sandarta ta ce, "Ni ban san kwamiti ba. Na dai ga barewa ta tsaya a shingena ta dube ni duban mutum, ta bar hanya mai laushi ta hau ƙaya." Ta durƙusa ta kama ƙafar Jatau, ta ga tafin duk a tsattsage. "Sannu, ɗan nan. Allah Ya biya ka."

Ciyaman ya daɗe yana duban ƙafar. Sannan ya ce, "Hukuma ta karɓi wannan iyaka. Ba wuta, ba farautar damina, ba harbin mai ciki. Mai son shiga ya bi ta hannun Sarkin Baka da malamin daji."

Bai rufe baki ba dutse ya dare.

Tsuntsaye ne suka fara fitowa, suka rufe rana har aka yi inuwa. Sai giwaye, ƙasa na amsa takunsu. Sai ɓauna da gwanki da mariri, sai raƙuman dawa suna sunkuyar da wuya a ƙofa, zaki na tafe a tsakiyarsu bai dubi kowa ba. Wata iska mai sanyi da ƙanshin ruwa ta biyo su. Ba wanda ya gudu. Ciyaman ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Maharba suka kwantar da bindigoginsu a ƙasa ba tare da an ce musu ba.

Can ƙarshe Sarkin Baka ya fito yana takawa a hankali, jaririyar barewa a hannunsa. Ya kai ta bayan jerin shuri ya sauke, ta yi tangaɗi, ta ruga wurin uwarta. Dutse ya koma ya haɗe.

Tsohon ya zo ya zauna kusa da Jatau, ya dubi cinyar, ya dubi Gagare da ke tsugune kansa a ƙasa.

"Gagare, ɗago kanka," in ji shi. "Daga yau kai ne ƙafar Malam. Duk inda zai zaga a gandun nan, kai za ka kai shi."

Haka kuwa aka yi. Jatau bai sake tafiya babu ɗingishi ba har ƙarshen ransa. Mutanen yankin sukan ce in Gagare ya sauke shi a bakin tafki da yamma, barewa kan zo su sha ruwa gab da shi, ba sa ko ɗaga kai.

Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan, na kuwa sauke muku shi duka.